Ruwan sha da makewayi a wuraren ziyara aikin hukuma ne

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, motoci kan tashi daga Gure da sauran garuruwan jihar Damagaram maƙil da masu ziyara. Wasu Kiyota suka nufa a jihar Doso, zawiyar marigayi Shehu Abubakar Hashim, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Wasu kuma sai Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ƙaramin gari kamar Kiyota yakan wayi gari da baƙi ninkin mazaunansa, amma rijiyoyinsa da makewayinsa suna nan yadda suke. Ra'ayina shi ne ruwan sha da tsafta da likitoci a irin waɗannan wurare nauyi ne a wuyan hukuma, bai kamata a bar wa halifofi da sadakar muridai ba.

Indiya ta daɗe da ɗanɗana wannan. Mabiya addinin Hindu na tururuwa zuwa Banaras a gaɓar kogin Ganga, inda wurin bautarsu na Kashi Bishwanat yake tun ginin 1780, suna wanka a ruwan da suke ganin mai tsarki ne alhali ƙazantar birane na kwarara cikinsa. A 1867 kwalara ta ɓarke a taronsu na Haridwar, masu komawa gida suka yaɗa ta a arewacin ƙasar. Kafin nan, a 1865, cutar ta kashe dubban alhazai a Makka, ta bi jiragen ruwa har Masar da Turai. Saboda ƙazantar kogin ne gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin tsabtace Ganga a 2014, ko da yake har yau aikin bai kai gaci ba.

Wani zai ce ina ruwan Musulmi da misalin masu bautar gumaka, wani kuma ya ce ziyarar kanta bidi'a ce, dukiyar jama'a ba ta dace da ita ba. Hukuncin ziyara na malamai ne, kuma sun daɗe suna saɓani a kai. Amma amai da gudawa ba ya tambayar aƙida. Wanda ya sha gurɓataccen ruwa a can, Gure zai dawo, ya yi alwala a buta ɗaya da maƙwabcinsa ɗan Izala, a garin da dama ruwa ke wahalar samu. Kuɗin da aka kashe a wurin taro mutanen gida yake karewa, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba.

Magadan gari da ma'aikatar lafiya su zauna da shugabannin zawiyoyi tun watan Safar, a tanadi tankokin ruwa da makewayi da maganin amai da gudawa kafin motar farko ta tashi.