Gidan Haya Ba Ɗan Haya

Zuwa ga Edita,

Zancenmu na wannan mako a kan masu gidajen haya ne na Nasarawa, waɗanda gidajensu ke zaune a kulle wata da watanni.

A 1991, da aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato, akawuna da sauran ma'aikata suka kwararo Birnin Kebbi, ɗaki ya yi wuyar samu, abin da mai gida ya faɗa shi ke nan. To, yanzu gari ya buɗe, an yi gine-gine a Gesse da Badariya da Bayan Kara. Ɗan haya ya sami zaɓi, amma waɗansu masu gida ba su farga ba.

Jama'a, mu yi lissafi. A misali, ka sa wa gidanka naira 240,000 a shekara, aka taya 200,000, ka ce albarka. In ya yi wata uku a kulle, ka yi hasarar 60,000 wajen gudun ragin 40,000. Ga gara tana cin ƙyaure, ga damina tana aikinta. Da babu ai gara ba daɗi.

Kuma akawu da malamin makaranta wata-wata suke karɓar albashi. Ina za su sami kuɗin shekara a dunƙule? Karɓi na wata uku-uku, ka ga ko ba a zo ba. Gyara kwano da makewayi, ka tanadi ruwa, gama ba mai cinikin biri a sama da alkawarin "za a gyara".

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ma'aikaci kan duba nisan gida da wurin aikinsa. Saboda haka nemi ɗan haya a ofisoshi da makarantun da ke kusa da kai. Gaya wa mai unguwa, ka yi magana da dillali ɗaya, ku yanke la'ada tun farko.

Amma kada gaggawa ta sa ka ba wanda ba a san asalinsa ba. Malamai sun fi ni sani, haya ba ta inganta sai an ambaci kuɗi da wa'adi. A rubuta, shaidu su sa hannu.

Allah ya sa mu gane. Haza wassalam.

Naka,
Akawu,
Nasarawa, Birnin Kebbi.