Mabuɗin Rumbun Bayanai: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Shi?

A watan Yuli na 2019 ne bankin Capital One ya ba da sanarwar cewa an sace bayanan mutane wajen miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, daga rumbun ajiya na intanet da yake haya a hannun kamfanin Amazon. Alhali kuwa bankin ya riga ya juya bayanan zuwa rubutun asiri, wanda ba ya karantuwa sai da mabuɗi na musamman. To, a ina aka yi sake?

Wata tsohuwar ma'aikaciyar Amazon ce ta sami kafa ta wata na'urar tsaro da ba a saita daidai ba, ta ɗauke shaidar izininta. Aikin na'urar shi ne tace masu shigowa, amma iznin da aka ba ta ya kai har cikin rumbun. Bankin da kansa ya amsa cewa hanyar da aka bi aka shiga ita ce ta ba da damar warware rubutun asirin. Wato an kulle ƙofa, an rataye mabuɗin a jikinta. A 2020 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1975 masana biyu, Saltzer da Schroeder, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a ba mutum ko na'ura izni sai gwargwadon aikinsa. A kan mabuɗai, ma'anarta ita ce mai kula da mabuɗi ba shi ne mai buɗewa da shi ba. Na'urar da ke zuba bayanai ta iya kullewa, amma kada ta iya buɗewa. Kowane sashe da nasa mabuɗin, kuma duk buɗewa a rubuta ta. Duk ma'aikacin da ya san yadda ake raba mabuɗan taskar kuɗi tsakanin jami'ai biyu ya san wannan.

Amma fa ba kowa ya ɗauki darasin ba. A 2024 ɓarayi sun yi amfani da kalmomin sirri na sata suka kai hari kan rumbunan ƙungiyoyi wajen 165 masu haya a kamfanin Snowflake, ciki har da AT&T da Ticketmaster. Nan ma a kulle bayanan suke, sai dai rumbun yakan buɗe wa duk wanda ya zo da sunan mai izni. Dalilin sakacin kuwa sananne ne: ba da izni a dunƙule aikin minti guda ne, tantance na kowane ma'aikaci kuwa sai an zauna, a kuma sake zama duk ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.