A Kira Sunayensu

Kowace shekara ran 15 ga Janairu gwamnati takan tuna da sojan da suka mutu wurin yaƙi. A yi fareti, a busa begila, manya su ajiye furanni. Wannan daidai ne, ba mai musu. Amma ina tambayar 'yan'uwana masu koyon malanta, talakan da bam ya faɗo wa daga sama yana zaune a garinsu, shi wace rana ce tasa?

Ba sai mun tafi nesa ba. A jiharmu ta Kaduna, daren Lahadi 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri ta ƙasar Igabi suna taron Mauludi sai jirgin soja marar matuƙi ya sakar musu bam, wai an zaci 'yan bindiga ne. Waɗanda suka tsira sun ce da jama'a suka sheƙo don su ɗauki 'yan'uwansu, sai aka sake sako wani. Mata da yara sun yi yawa cikin matattun. Shugaban sojan ƙasa na lokacin, marigayi Janar Lagbaja, ya tafi garin da kansa ya roƙi gafara, abin da ba kasafai manya sukan yi ba.

To, mutum nawa suka mutu? Hukumar NEMA ta ce 85. Ƙungiyar Amnesty ta ce sun kai 120. Ku duba tsakani, mutum 35 ke nan, watau aji guda cur! Mu da ake koya mana kiran rajista kowace safiya mun san ba hedimastan da zai yarda malami ya ce masa, "Yarana wajen talatin ne ko arba'in." Sai ka kira kowa da sunansa da na ubansa, wanda bai amsa ba ka bi sawu. Me ya sa mamaci ba zai sami ko wannan ba?

Na san wani zai ce Igabi ba ƙasarmu ba ce, ina ruwan Kafanchan? Wannan magana ita ce ciwonmu. Tun rikicin 1987, har na 2011, kowane gefe nasa gawawwakin yake ƙirgawa, na maƙwabci kuwa ko oho. Mai sarrafa jirgin nan bai tambayi ƙabilar kowa ba kafin ya saki bam, taro kawai ya hango.

Shawarata ita ce gwamnati ta sassaƙa sunayen mutanen Tudun Biri a kan dutse a tsakiyar garin, har da shekarun kowa, a kuma buga su a jarida. Mu kuwa idan mun fita gwajin koyarwa, ko a Kagoro ko a Zonkwa ko a Kwoi, ranar 3 ga Disamba mu ɗauki minti goma daga darasin tarihi mu karanta wa yara sunayen, a hankali, kamar yadda muke kiran rajista.