Ra'ayinmu: Kada Mu Jingina Bangaskiyarmu Da Kujerar Mai Mulki

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a ƙasar nan, akan ji wata irin magana tana yawo a majami'unmu, tun daga mumbarin wa'azi har zuwa zumuntar mata da ta matasa. Wai idan namu ya hau, Ikilisiya ta huta, idan kuwa wancan ne ya hau, to, tamu ta ƙare. Wasu har annabci suke yi da sunan Ubangiji a kan wanda zai ci. In ƙuri'a ta fito ba yadda aka faɗa ba, sai ka ga jiki ya yi sanyi, masu raunin zuciya su shiga tambaya ko Allah ya juya mana baya ne. Wannan shafi yana ganin ya kamata a tuna wa masu bi cewa wannan cuta tsohuwa ce. Kakanninmu na bangaskiya sun yi fama da ita shekara fiye da 1,600 da suka wuce, sun kuma bar mana maganinta a rubuce.

Ga yadda abin ya faru. Kusan shekara 300 Ikilisiya ta yi tana zaman ɗar-ɗar a cikin Daular Rum. A shekara ta 303 Sarki Diyokiletiyan ya ba da umarni a rurrushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki, aka kuma kashe masu bi da dama. Shekara goma kacal bayan haka, a 313, sai Sarki Kwanstantin ya ba Kirista 'yancin yin sujada, ya shiga gina musu majami'u da kuɗin baitulmali. A 380 Sarki Tiyodosiyos ya mai da Kiristanci addinin daula, daga baya kuma ya hana yanka wa gumaka hadaya. Wanda ya ga jiya ya ga yau, dole ya yi murna. Amma murnar ta ja wasu malamai suka wuce gona da iri. Yusibiyos, bishop na Kaisariya, wanda ya rubuta tarihin Ikilisiya na farko, ya yabi Kwanstantin har ya kai ga nuna cewa mulkinsa hoton mulkin sama ne a nan duniya. A hankali sai mutane suka ɗauka cewa Rum da Ikilisiya ɗanjuma ne da ɗanjummai, in ɗaya ta tsaya ɗayar ta tsaya.

Ran 24 ga watan Agusta, 410, sai Alarik, sarkin wata kabila da ake kira Got, ya shiga birnin Rum da mayaƙansa, suka yi kwana 3 suna kwasar ganima. Rabon da abokan gaba su shiga birnin nan wajen shekara 800 ke nan. Aka kashe mutane, aka yi wa mata fyaɗe, aka kama wasu bayi, masu hali kuma suka tsere suka haye teku zuwa Afirka ta Arewa. Labari ya kai Baitalami, inda tsoho Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, yake zaune. Baƙin ciki ya sa ya ajiye alƙalami na wani lokaci, don a ganinsa hasken duniya ne aka kashe. Masu bautar gumaka kuwa suka sami abin faɗa. Suka ce ai ga shi nan, muddin ana yi wa allolin kakanni hadaya Rum ba ta taɓa faɗuwa ba, amma daga bin Almasihu ba a rufa shekara 100 ba ga birni a hannun baƙi. Kirista da yawa suka rasa amsa, domin su kansu an koya musu cewa sarki mai bi shi ne garkuwar ƙasa.

Wanda ya ɗauki nauyin ba da amsa ɗan nahiyarmu ne. An haifi Agustin a 354 a garin Tagaste, ya zama bishop na Hippo, dukansu biyu a cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Wani babban ma'aikacin gwamnati a Kartaj mai suna Marsilinus, wanda shi ma mai bi ne, ya roƙe shi ya rubuta wani abu a kan wannan zargi. Ya fara a 413, bai gama ba sai wajen 426, ya kuma sa wa aikin suna Birnin Allah. Kashi 22 ne: 10 na farko amsa ce ga masu bautar gumaka, sauran 12 kuma bayani ne a kan mafarin birane biyu, da tafiyarsu, da ƙarshensu.

Da masu bautar gumaka bai sha wuya ba. Ya buɗe musu littattafan tarihinsu na kansu, ya tuna musu da irin masifun da suka auka wa Rum tun ba a haifi Almasihu ba: yadda mutanen Gal suka ƙone birnin, da yadda Hanibal na Kartaj ya karkashe rundunoninsu, da yaƙe-yaƙen basasa da Romawa suka yi ta yanka junansu a ciki. Ina allolin suke a lokacin? Ya kuma tuna musu cewa mayaƙan Alarik sun ƙyale duk wanda ya fake a majami'un Bitrus da Bulus, har da waɗanda suka fito daga baya suna zagin sunan da ya cece su.

Amsar da ta fi nauyi ita ce wadda ya ba 'yan'uwansa Kirista, ita ce kuma ta shafe mu. Ya ce Allah bai taɓa yi wa kowace daula alkawarin dawwama ba, Rum ma ba a ware ta ba. Wanda ya ba Assuriyawa da Farisawa mulki, shi ne ya ba Romawa, bisa ga hikimar da ba mu iya kai wa ƙarshenta. Shi ya ba Kwanstantin mai bi sarauta, shi ne kuma ya ba Neron mai tsananta wa masu bi, da Juliyan wanda ya bar bangaskiya ya koma wa gumaka. Ko a cikin sarakuna masu bi ma rabonsu bai zo ɗaya ba. Kwanstantin ya yi shekara 31 a kan gado, Jobiyan bai cika wata 8 ba, Giratiyan kuwa kashe shi aka yi a 383. Agustin ya ce Allah ya yi haka ne don kada wani ya bi Almasihu saboda kwaɗayin irin sa'ar Kwanstantin. Ashe ke nan nasarar mai mulki ba ta isa shaidar cewa Allah yana tare da shi ba, faɗuwarsa kuma ba ta nuna cewa Allah ya yashe jama'arsa.

Daga nan ya shimfiɗa koyarwar birane biyu. Akwai birnin da son kai ya gina, akwai kuma birnin da ƙaunar Allah ta gina. Abin lura shi ne, ba ganuwa ce ta raba su ba, ba kuma kabila ko tuta ba. A cakuɗe suke tafiya kamar alkama da zawan, sai ranar shari'a za a rarrabe. Ya ce a cikin waɗanda suke gāba da Ikilisiya a yau akwai 'yan birnin Allah na gobe, a cikin masu zuwa sujada suna karɓar jibin Ubangiji kuma akwai waɗanda zuciyarsu tana ɗaya birnin. Duk mai wa'azin da ya zana layi a kan taswirar Nijeriya, ko a kan takardar ƙuri'a, ya ce nan ne jama'ar Allah, can kuma jama'ar Shaiɗan, to, ya san abin da Agustin bai yarda ya ce ya sani ba.

Kada wani ya ɗauka cewa ana koya mana mu naɗe hannu ne mu bar duniya ga 'yan duniya. Agustin ya kawo wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa kamammu a Babila, wadda take a sura 29, inda aka umarce su su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su kuma yi masa addu'a. Mai bi baƙo ne mai wucewa, amma yana shan ruwan rijiyar garin, 'ya'yansa suna bin hanyar garin, don haka lafiyar garin tasa ce. Sa'ad da wani babban hafsan soja mai suna Bonifas ya so ya ajiye aiki ya shiga zaman sufanci, Agustin ya shawarce shi ya tsaya a bakin aikinsa na tsaron jama'a. Bai kuwa yi wa masu mulki fadanci ba. Ya ba da labarin wani ɗan fashin teku da aka kamo gaban Iskandari mai girma, wanda ya gaya wa sarkin ido da ido cewa sana'arsu ɗaya ce, yawan jirage ne kaɗai ya bambanta su. Ma'aunin da ya ba mu ke nan: mulkin da babu adalci a cikinsa taron 'yan fashi ne, ko da wane suna shugabansa yake amsawa, ko a ina yake yin ibada.

Akwai wani abu a kashi na farko na littafin da muke roƙon shugabannin Ikilisiya su yi nazarinsa. Kafin Agustin ya shiga zancen dauloli, sai da ya fara da waɗanda abin ya faɗa a kansu. Ga masu kukan 'yan'uwan da ba a sami gawarsu an binne ba, ya ce rashin kabari ba ya hana Allah ta da nasa. Ga waɗanda aka tafi da su bauta, ya tuna musu da Daniyel da abokansa, waɗanda Allah bai rabu da su a Babila ba. Ga matan da aka ci zarafinsu, ya faɗa ƙarara cewa laifin yana kan wanda ya aikata, tsarkinsu kuma yana nan, domin tsarki a zuciya yake zaune, ƙarfin wani ba ya iya ƙwace shi. Ya kuma gargaɗe su kada kunya ta sa su kashe kansu.

Mu a Arewa ba baƙin wannan magana ba ne. A watan Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok. A watan Oktoba na wannan shekara hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram, shugabanninta suka yi gudun hijira. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai, Kirista da Musulmi duka sun binne nasu. Mata da yawa sun dawo daga daji, wasu da goyo a baya, suka tarar da ƙyama da tsegumi a gida. Ikilisiyar da ta iya tara jama'a domin ɗan takara amma ta kasa rungumar irin waɗannan mata, ta manta birnin da take wakilta.

Agustin bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. Almajirinsa Fosidiyos, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya shaida cewa yakan sa a narkar da kwanonin sujada masu daraja don a fanshi kamammu, a ciyar da matalauta. A wata wasiƙarsa ya ba da labarin yadda 'yan ikilisiyarsa suka kuɓutar da mutum wajen 120 daga hannun fataken bayi da suke shirin haye teku da su. A 429 wata kabila kuma, Bandal, ta ƙetaro daga Sifen ta mamaye Afirka ta Arewa. Wani bishop ya rubuto yana tambaya ko ya halatta makiyaya su gudu. Agustin ya amsa cewa muddin akwai sauran tumaki a gari, makiyayi ba shi da izinin barinsu babu mai yi musu hidima. Shi ma bai gudu ba. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75, abokan gaba suna kewaye da Hippo. Kartaj ta faɗi a 439, a 476 kuma aka tuɓe sarkin Rum na yamma na ƙarshe. Daular ta tafi, amma bisharar da aka ce ita ta kashe Rum ta ci gaba da tafiya har ta iso ƙauyukanmu, har a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma. Turawan da suka ci ƙasar nan da yaƙi a farkon ƙarni na 20 sun naɗe tutarsu a 1960. Soja sun karɓa a 1966, sun yi ta shiga suna fita har 1999. A shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan da yawa, wasu suka ce Ikilisiya ba za ta kai labari ba, ga ta nan kuwa har yau.

Saboda haka muna kira ga limamai da fastoci da masu bishara su daina rantsuwa da sunan Ubangiji a kan 'yan takara, gama in annabcin ya faɗi, bangaskiyar marasa ƙarfi ce take faɗuwa tare da shi. Muna kira ga masu bi su yi rajista, su jefa ƙuri'a, su auna kowane mai neman mulki da ma'aunin adalci, su kuma tsawata wa namu in ya ci amana kamar yadda za su tsawata wa na wasu. Muna kira ga majalisun dattawan ikilisiya su duba littafin baiko, su ga nawa ne yake tafiya ga gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, nawa ne kuma yake tafiya ga liyafar manyan baƙi. Masu koyar da 'yan ajin baftisma kuma su sa tarihin Ikilisiya cikin darasi, don yaranmu su san cewa ba yau aka fara ganin faɗuwar masu ƙarfi ba.

Allah ya ba shugabanninmu, kowane ne ya hau, zuciyar adalci. Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda suke hannun masu garkuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.