Sanarwar bayan taron iyaye da malaman makarantar Lahadi kan renon yara cikin bangaskiya

Mu iyaye, kakanni da malaman makarantar Lahadi daga ɗariku dabam-dabam mun yi zama a Jos a kan tambaya ɗaya: in an rufe ƙofar majami'a, me zai rage a zuciyar ɗanmu?

Tambayar ba ta tatsuniya ba ce. 'Yan'uwanmu na ɗarikar EYN sun tuna wa taro shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, aka ƙone majami'u masu yawa, jama'a suka watse zuwa Yola, Jos da Kamaru. Ba bagadi, ba ƙungiyar mawaƙa, wani wurin ko fasto babu, amma sujada ba ta tsaya ba. A gindin bishiya aka yi ta, da ɗakunan aro. A 2020 kuma annobar korona ta kulle mu duka a gida, sai ga magidanci riƙe da Littafi Mai Tsarki bai san ta inda zai fara ba. Da yawanmu mun amsa cewa mu ne wannan magidancin.

Taro ya lura cewa mun miƙa tarbiyyar ruhaniya ga malamin makarantar Lahadi, wanda ke ganin yaro awa ɗaya ko biyu a mako, alhali Maimaitawar Shari'a sura 6 a wuyan iyaye ta ɗora aikin. Timoti ma wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya fara sanin bangaskiya, kuma a gidan Bilkisu da Akila ikilisiya take taruwa.

Saboda haka taro ya amince:

Kowane gida ya farfaɗo da addu'ar iyali, ko da ta minti 10 ce bayan tuwon dare, a bar yara su yi karatu su kuma yi tambaya. A yi da harshen da yaro ke tunani da shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, abin kunya ne ya kwanta da ƙura a saman kabad.

A daina dukan yaro don ya kasa haddace aya.

Batun da ya fi cin lokaci shi ne na samari da 'yan mata da suka daina zuwa majami'a, suna cewa Yesu suke bi, ba ɗarika ba. Wasu dattawa sun ce garwashin da aka ware daga murhu mutuwa yake yi. Wasu iyaye mata suka ce rigimar shugabanci da yawan kiran baiko ne suka kori matasan, kuma gaskiya ba mu iya musa wannan ba. A wannan batu ba a daidaita a kan komai ba sai wannan: kada a yanke zumunci da su, kada a kira su 'yan ridda, a ci gaba da cin abinci tare da su.

Muna roƙon fastoci su riƙa ziyartar gidaje don koya wa iyaye yadda ake bi da addu'ar iyali. Za a sake zama bayan Kirsimeti, kuma za a gayyaci waɗannan matasa su yi magana da bakinsu.

Sa hannu: Shugaban taro da Magatakarda