Guzurin Amaryar da Za Ta Turai

A yau, daga Tambuwal har Kebbe, ba abin mamaki ba ne a ɗaura aure, ango ya wuce Ingila ko Jamus karatu, amarya ta bi shi. Uwa, a irin wannan aure shirin tukunya ya fi na kayan ɗaki muhimmanci.

Da farko, kada ki sa mata kilishi, dambun nama ko man shanu. Dokar Ingila da ta Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama da kayan nono, a filin jirgi za a ƙwace. Busasshen kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20. Ki haɗa mata da garin kuka, daddawa, niƙaƙƙiyar kuɓewa da yaji.

Gero yana nan a shagunan Indiyawa da sunan bajra, da shi da yogot za ta dama fura. Naman halal kuma ana samun sa a wajen mahautan Turkawa da 'yan Pakistan.

Babban abu shi ne ki koya mata karanta bayan kwali kafin ta saya. Jelatin da ke cikin alewar yara, sau da yawa daga fatar alade ake yin sa, wani kek ɗin kuma da giya ake kwaɓa shi. In ta yi shakka, ta ajiye. Abin da jikokinki za su ci amana ce a wuyanta.

Allah ya ciyar da mu halal, amin. Sai wata mai zuwa.