Rigimar Lambobin Yabo da Matattun da Ba a Ƙirga ba

A wannan wata muna so mu waiwayi wata muhawara da aka tafka a ƙasar Amurka a shekarar 2004, lokacin da shugaba George Bush ƙarami na jam'iyyar Rifablikan yake neman zarcewa, Sanata John Kerry na jam'iyyar Dimokurat kuma yake neman kayar da shi. A lokacin sojojin Amurka sun shiga shekara ta biyu da mamaye Iraƙi, jini yana kwarara dare da rana. Mai hankali zai zaci wannan yaƙi ne zai cika bakin 'yan takara da masu zaɓe. To amma tsawon makonni, abin da ya mamaye gidajen talabijin da jaridunsu shi ne wani yaƙi da aka gama kusan shekara 30 kafin nan, wato yaƙin Biyetnam, da tambayar wane ne ya je, wane ne ya noƙe.

Ga tarihin mutanen biyu a taƙaice. Kerry ya gama jami'ar Yale a 1966 ya shiga sojan ruwa, kuma daga Nuwamban 1968 zuwa Maris na 1969 ya yi aiki a Biyetnam, yana shugabantar ɗaya daga cikin ƙananan jiragen sintiri da ke kutsawa cikin kogunan kudancin ƙasar. Cikin wata huɗun nan ya sami lambobin yabo biyar, biyu na jarunta, uku kuma irin wadda ake ba sojan da aka ji wa rauni a fagen fama. Ƙa'idarsu ta ba wanda aka raunata sau uku damar neman a janye shi, ya nema, aka mai da shi gida. Shi kuwa Bush, ɗan gidan masu faɗa a ji, mahaifinsa yana ɗan majalisar wakilai a lokacin, a watan Mayun 1968 ya sami gurbi a sashen jiragen sama na dakarun jihar Texas, rundunar da kowa ya san da wuya a kai ta filin daga. Bai taka Biyetnam ba. A 1972 ya koma jihar Alabama don taya wani ɗan takara neman ƙuri'a, aka kuma dakatar da shi daga tuƙa jirgi saboda bai je gwajin lafiya ba. Mataimakinsa Dick Cheney kuwa, sau biyar ana ɗaga masa kiran shiga soja.

Da Kerry ya dubi wannan bambanci sai ya ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. A babban taron jam'iyyarsa a birnin Boston cikin watan Yuli, ya hau dandamali ya ƙame ya sara irin ta soja, ya ce ya zo karɓar aiki, ga tsofaffin abokan jirginsa an jera su don kowa ya gani. Mutumin da ya yi kusan shekara 20 a Majalisar Dattawa sai ya mai da wata huɗu jarin takararsa. Wanda ya baje hajarsa a kasuwa kuwa, ba ya hana a taya.

Aka ko taya. A farkon watan Agusta wata ƙungiyar tsofaffin sojoji da aka sani da Swift Boat, a ƙarƙashin John O'Neill, da kuɗin wasu attajiran Texas irin su Bob Perry da T. Boone Pickens, ta fara sa tallace-tallace a talabijin cewa Kerry maƙaryaci ne, raunukansa ƙwarzane ne kawai, lambobinsa kuma da algus ya same su. Da aka bi diddigi sai zancen ya fara warwarewa. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a cikin jirginsa, mutum ɗaya tak ya bi ƙungiyar. Jim Rassmann, sojan da Kerry ya tsamo daga cikin kogi ranar 13 ga Maris 1969, ya tsaya kai da fata cewa ana harbi aka cece shi. Larry Thurlow, wanda ya ce babu harbin abokan gaba a ranar, sai ga takardar tasa lambar yabon ta wannan rana ɗin tana ambaton harbi. A watan Satumba babban mai bincike na rundunar sojan ruwa ya ce an bi ƙa'ida wajen ba da lambobin. Har Sanata John McCain, ɗan jam'iyyar Bush, wanda ya yi shekara biyar da rabi a hannun 'yan Biyetnam yana fursunan yaƙi, ya la'anci tallan ya ce rashin gaskiya ne da rashin mutunci. Duk da haka ƙazafin ya riga ya yi aikinsa, domin Kerry ya yi kusan mako biyu bai tanka ba, kuma a taron jam'iyyar Rifablikan a New York har wasu wakilai suka manna filasta mai zanen lambar masu rauni don izgili.

Kada mai karatu ya zaci ɗaya ɓangaren ya fita fes. A ranar 8 ga Satumba gidan talabijin na CBS, ta bakin Dan Rather, ya fito da wasu takardu da aka ce sun nuna Bush ya ƙi bin umarni a lokacin aikinsa. Aka kasa tabbatar da ingancinsu, gidan ya ba da haƙuri, daga nan kuma tambayoyi na gaskiya da ke kan aikin sojan Bush suka bi ruwa tare da takardun.

Amma inda gizo ke saƙa ba a kan lambobi yake ba. Abin da ya ci wa waɗannan tsofaffin sojoji tuwo a ƙwarya ya faru ne ranar 22 ga Afrilu 1971, lokacin da Kerry, yana ɗan shekara 27, ya zauna gaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa da sunan sojojin da suka dawo suna adawa da yaƙin. Ya isar da shaidar da wasu sojoji suka bayar a birnin Detroit game da fyaɗe, da yanke gaɓoɓi, da ƙone ƙauyuka, ya kuma tambayi dattawan da wace fuska za a ce wa mutum ya zama na ƙarshen mutuwa saboda kuskure. Adalci ne mu ce ɓacin ran wasu sojojin na gaske ne. Sun ga kamar an yi musu kuɗin goro, an shafa musu laifin da ba su yi ba, wasunsu kuma suna tsare a kurkukun abokan gaba a lokacin da yake maganar. To amma ta'asar ba ƙirƙira ba ce. A ƙauyen My Lai, ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan fararen hula, mata da yara da tsofaffi, kuma mutum ɗaya kaɗai aka samu da laifi, Laftanar William Calley, wanda ya ƙare da ɗaurin talala a gida.

A ra'ayinmu, wannan rana ta 1971 ita ce mafi girman jaruntar da Kerry ya taɓa nunawa, domin fuskantar harsashin abokin gaba ya fi sauƙi a kan faɗa wa naka gaskiya mai ɗaci. Abin takaici, a 2004 abokan hamayyarsa sun mai da ita abin gori, shi kuma ya tura ta bayan ɗaki kamar abin kunya, ya fito da kaki da lambobi. Dalili kuwa a fili yake. A watan Oktoban 2002 shi da kansa ya jefa ƙuri'ar ba Bush iznin amfani da ƙarfi a kan Iraƙi, kuma a watan Agustan 2004 ya ce ko da ya san ba za a sami makaman ƙare dangi ba, da haka zai jefa ta. Hotunan azabtarwa na kurkukun Abu Guraib sun fito tun watan Afrilu. Ya nemi sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya sauka, amma bai mai da zancen ginshiƙin takararsa ba.

Saboda haka aka wayi gari ana musu a kan zurfin raunin hannun mutum ɗaya, alhali a cikin wannan wata na Agusta ana ɓarin wuta a birnin Najaf. A watan Satumba adadin sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi ya haye 1,000, kowannensu da sunansa da hotonsa. Su kuwa mutanen Iraƙi, rundunar da ta mamaye su ba ta fitar da cikakken lissafin gawarsu ba. Haka Biyetnam ɗin da ake taƙama da ita: Amurkawa fiye da 58,000 an sassaƙa sunayensu a bango a birnin Washington, amma fararen hula kimanin miliyan biyu da gwamnatin Biyetnam ta ce sun halaka, ba su sami gurbi a muhawarar ba. An yi zaɓe ranar 2 ga Nuwamba, Bush ya ci da wakilan zaɓe 286, Kerry 251, akasarin tsofaffin sojoji kuma Bush suka zaɓa. Ba a cika mako guda ba aka afka wa birnin Falluja.

Wani abin lura shi ne, su kansu masu zaɓen ba lambobin ne suke saye ba. Bush babba, wanda aka harbo jirginsa a yaƙin duniya na biyu, ya sha kaye a hannun Bill Clinton da ya kauce wa Biyetnam a 1992. Bob Dole, wanda ya dawo daga Italiya da shanyayyen hannu, ya faɗi a 1996, McCain ma ya faɗi a 2008. A 2015 Donald Trump, wanda aka ɗaga wa kiran soja har da uzurin ciwon ƙafa, ya ce McCain ba jarumi ba ne tunda kama shi aka yi, bai kuwa hana shi cin zaɓe a 2016 ba. A 2024 Chris LaCivita, wanda ya ba ƙungiyar Swift Boat shawara shekara 20 kafin nan, yana cikin jagororin neman zaɓen Trump, sai ga J.D. Vance yana zargin Tim Walz da ajiye kaki a 2005 kafin a tura rundunarsa fagen fama. Wannan karon, yaƙin da ake musu a kan wa ya je, wa ya noƙe, shi ne na Iraƙi.